DARASI NA TARA: TSARI DA HALAYEN MAGANAƊISU NA ƘWAYOYIN NANO NA AZURFA DA BAƘIN ƘARFE

1.0 Gabatarwa

Haɗa ƙarfe da wani ƙarfe domin a sami na uku mai sabon hali tsohuwar hikima ce ta ɗan Adam. Da aka narka jan ƙarfe da kuza aka sami tagulla, wadda ta fi kowannensu ƙarfi. Haka kuma azurfar da ake yin kayan ado da ita a ƙasashe da dama ba zalla ba ce. Kashi 925 cikin 1,000 ne azurfa, ragowar kashi 75 kuwa jan ƙarfe ne, wanda ake sa wa domin ya rage mata laushi. Irin wannan haɗi shi ake kira gamin ƙarafa.

Sai dai ba kowane ƙarfe ne yake yarda ya gaurayu da ɗan'uwansa ba. Azurfa da baƙin ƙarfe suna daga cikin waɗanda ba sa ga maciji da juna. Ko da an narka su a tukunya ɗaya an motsa, rabuwa za su yi kamar ruwa da mai, azurfa ta kwanta a ƙasa domin ta fi nauyi, baƙin ƙarfe ya taso sama. Duk da haka, masana kimiyya sun samo hanyoyin tilasta musu zama tare a cikin wasu ƙwayoyi ƙanana ainun waɗanda ido ba ya iya gani. A wannan darasi za a duba yadda waɗannan ƙarafa biyu suke zama a cikin irin waɗannan ƙwayoyi, da yadda wannan zama nasu yake yanke hukunci a kan halin ƙwayar a gaban maganaɗisu, wato mayen ƙarfe.

2.0 Manufar Darasi

A ƙarshen wannan darasi ana sa ran ɗalibi zai iya:

i. bayyana ma'anar ƙwayar nano da dalilin da ya sa ƙanƙanta take sauya halin abu;
ii. kawo dalilan da suka hana azurfa da baƙin ƙarfe gaurayuwa;
iii. fayyace sifofin da ƙwayar azurfa da baƙin ƙarfe take ɗauka;
iv. nuna dangantakar da ke tsakanin tsarin ƙwaya da halinta na maganaɗisu;
v. yi wa wani wannan bayani da Hausa mai sauƙi ba tare da ya karkatar da ma'ana ba.

3.0 Ƙunshiyar Darasi

3.1 Ma'anar Ƙwayar Nano

Kalmar nano ta samo asali ne daga harshen Girkanci, inda take nufin wada. A fagen awo, idan aka raba mita ɗaya gida biliyan ɗaya, kowane kaso shi ne nanomita ɗaya. Kaurin silin gashin mutum yakan kai kimanin nanomita 80,000. Ƙwayar nano kuwa ita ce duk wata ƙwaya da faɗinta yake tsakanin nanomita 1 zuwa 100. Kowace irin wannan ƙwaya an gina ta ne da atamomi. Atam shi ne abin da aka fi sani da ƙwayar zarra, amma a wannan darasi za a riƙa cewa atam domin kada ɗalibi ya rikita shi da ƙwayar nano.

Abin da ya sa masana suka damu da waɗannan ƙwayoyi shi ne, idan abu ya ƙanƙance, yawan atamomin da ke bayansa yakan ƙaru idan aka kwatanta da na cikinsa. Alal misali, a ɗauka an jera atamomi a siffar akwati mai tsawo da faɗi da tsayi daidai wa daida. Idan kowane gefe yana da atam 100, jimilla atam 1,000,000 ke nan, kuma 58,808 ne kawai suke waje, wato ƙasa da kashi 6 cikin 100. Idan kuwa kowane gefe atam 10 ne, jimilla 1,000 ke nan, 488 daga ciki suna waje, wato kusan rabi. Atam ɗin da ke waje ba shi da maƙwabta ta kowane ɓangare kamar na ciki, saboda haka halinsa daban yake. Ke nan, a ƙaramar ƙwaya, 'yan waje ne suke da rinjaye a kan halin ƙwayar baki ɗaya. Wannan ne ya sa launi, da zafin narkewa, da halin maganaɗisu na ƙwayar nano suke iya bambanta da na dunƙulen ƙarfen da aka yi ta da shi.

3.2 Halayen Ƙarafan Biyu

Baƙin ƙarfe shi ne sinadari na 26 a jadawalin sinadarai, alamarsa kuwa Fe. Yana narkewa a digiri 1,538 na ma'aunin Salshiyas. A zafin ɗaki, atamominsa suna jere ne a tsarin akwati wanda yake da atam a kowace kusurwa, da kuma atam ɗaya a tsakiyar akwatin. Wannan shi za mu kira tsarin mai-cibiya. Tsawon gefen akwatin nanomita 0.287 ne. Idan zafi ya kai digiri 912, jerin yakan sauya zuwa wani tsari daban.

Azurfa ita ce sinadari na 47, alamarta Ag, tana narkewa a digiri 962. Atamominta suna jere ne a tsarin akwati mai atam a kowace kusurwa da kuma atam ɗaya a tsakiyar kowace fuska daga fuskokin akwatin shida. Wannan shi ne tsarin mai-fuska. Tsawon gefen akwatinta nanomita 0.409 ne.

Ta fuskar maganaɗisu ma ƙarafan biyu hannun riga suke. Tushen maganaɗisu yana ga ilaktaron, wato ƙananan ƙwayoyin lantarki da suke kewaye da cibiyar atam. Kowane ilaktaron tamkar ɗan ƙaramin maganaɗisu ne mai kai da gindi. Idan suka zauna biyu-biyu, ɗaya yana kallon sama ɗaya yana kallon ƙasa, sai ƙarfinsu ya soke juna. A atam ɗin baƙin ƙarfe akwai ilaktaron da ba su da abokan zama, saboda haka kowane atam yana da nasa ƙarfin maganaɗisu. Daɗin daɗawa, atamomin da suke maƙwabtaka da juna sukan fuskanci alƙibla ɗaya, muddin zafi bai kai digiri 770 ba. Wannan iyaka ita ake kira zafin Curie, an sa mata sunan masanin nan ɗan ƙasar Faransa, Pierre Curie. Ita kuwa azurfa, rukunin ilaktaron da yake haifar da wannan hali a cike yake, don haka maganaɗisu ba ya jan ta. Hasali ma takan ɗan ture shi, turewa mai raunin da sai da na'ura ake gane ta.

3.3 Dalilan Rashin Gaurayuwa

Wani masanin ƙarafa na Jami'ar Oxford ta Ingila mai suna William Hume-Rothery ya fitar da wasu ƙa'idoji da suke nuna lokacin da ƙarafa biyu za su iya gaurayuwa sosai. Biyu daga cikinsu sun shafi wannan darasi. Ta farko ita ce, kada bambancin girman atamomin ƙarafan ya wuce kimanin kashi 15 cikin 100. Ta biyu kuwa ita ce, tsarin jerin atamominsu ya zama iri ɗaya.

Azurfa da zinariya sun cika waɗannan ƙa'idoji. Rabin faɗin atam ɗin kowaccensu nanomita 0.144 ne, kuma dukkansu tsarin mai-fuska gare su, shi ya sa suke gaurayuwa a kowane kaso aka haɗa su. Baƙin ƙarfe kuwa rabin faɗin atam ɗinsa nanomita 0.124 ne, wato atam ɗin azurfa ya fi shi girma da kimanin kashi 16 cikin 100, sannan ga bambancin tsari.

Akwai kuma dalili na uku wanda ya fi waɗannan zurfi. Atam ɗin baƙin ƙarfe ya fi riƙe ɗan'uwansa baƙin ƙarfe da ƙarfi fiye da yadda yake riƙe azurfa. Kafin a raba shi da 'yan'uwansa a cusa shi cikin azurfa sai an kashe makamashi, kuma da zarar ya sami sarari zai koma ya nemi danginsa. Wannan ne ya sa rabuwar take nan ko da ƙarafan suna narke.

3.4 Hanyoyin Tilasta Haɗuwa

Tun da ƙarafan ba sa haɗuwa don kansu, dabarar masana ita ce a haɗa su cikin gaggawa, a sanyaya su kafin atamomin su sami damar neman danginsu. Fitattun hanyoyin da ake bi su ne:

(a) Feshin atamomi. Ana sanya ƙarafan biyu a cikin wani mazubi da aka zuƙe iskarsa, a riƙa harbin su da atamomin iskar argon, sai atamomin ƙarafan su riƙa fallatsa suna sauka a kan wani faranti mai sanyi. Duk inda atam ya sauka, nan yake kafewa.

(b) Niƙa. Ana zuba garin ƙarafan biyu a cikin tukunyar ƙarfe tare da ƙwallayen ƙarfe masu tauri, a yi ta jujjuyawa na sa'o'i masu yawa. Dukan ƙwallayen yakan farfasa garin ya kuma cusa wani cikin wani.

(c) Haɗin ruwa. Ana narka gishirin azurfa da gishirin baƙin ƙarfe a ruwa, sannan a zuba wani sinadari da zai mayar da su ƙarfe. Matsalar wannan hanya ita ce azurfa takan riga baƙin ƙarfe fitowa, don haka sau da yawa ƙwayoyin sukan fito a rarrabe.

(d) Harbin leza. Ana nutsa ƙarfen a cikin ruwa ko barasar ɗakin gwaji, a harbe shi da haske mai tsananin ƙarfi na ɗan ƙanƙanin lokaci. Wurin da hasken ya taɓa yakan zama tururi, ruwan da ke kewaye kuma ya sanyaya shi nan take. Masu bincike a Jami'ar Padua ta Italiya sun yi amfani da wannan hanya wajen samar da ƙwayoyin azurfa masu ɗauke da baƙin ƙarfe.

Abin lura a nan shi ne, duk gamin da aka samu ta waɗannan hanyoyi zaman tilas yake yi. Idan aka gasa shi a zafin ɗaruruwan digiri, atamomin za su sami ƙarfin motsawa, baƙin ƙarfe ya tattaru wuri guda, azurfa ta ware. Masana suna amfani da wannan hali: ta hanyar ƙayyade zafi da tsawon lokacin gashi, sukan sarrafa girman dunƙulen baƙin ƙarfen da zai taru.

3.5 Sifofin da Ƙwayar Take Ɗauka

Idan aka duba inda atamomin ƙarafan biyu suke zaune, za a iya kasa ƙwayoyin gida huɗu.

Siffa ta farko ita ce cakuɗaɗɗiya, inda atamomin baƙin ƙarfe suke warwatse ɗai-ɗai a cikin jerin atamomin azurfa. Wannan ce kaɗai ta cancanci a kira ta gami na haƙiƙa, kuma ita ce ta fi wuyar samu da wuyar ɗorewa. Idan azurfa ce ta fi yawa, ƙwayar takan bi tsarin mai-fuska. Idan baƙin ƙarfe ne ya rinjaya sosai, sai ta bi tsarin mai-cibiya.

Siffa ta biyu ita ce ƙwallo da ɓawo, inda baƙin ƙarfe yake tsakiya, azurfa ta lulluɓe shi. Dalilin wannan tsari shi ne, makamashin da ake buƙata domin azurfa ta zauna a waje bai wuce kimanin rabin wanda baƙin ƙarfe yake buƙata ba. Saboda haka idan aka bar su suka zaɓa, azurfa ce take fita waje.

Siffa ta uku ita ce mai fuska biyu, inda gefe ɗaya na ƙwayar baƙin ƙarfe ne, ɗaya gefen kuma azurfa. Sau da yawa wannan siffa takan fara ne daga ta biyu, idan ƙwallon ya gusa daga tsakiya zuwa gefe.

Siffa ta huɗu ita ce yayyafi, inda ƙananan dunƙulen baƙin ƙarfe suke warwatse a cikin shimfiɗar azurfa kamar gyaɗa a cikin alewa.

A inda ƙarafan biyu suka haɗu kuwa akwai wani abin mamaki. Ko da yake tsarinsu ya bambanta, idan aka karkata akwatin baƙin ƙarfe da digiri 45, yakan hau kan na azurfa kusan daidai. Tsawon layin da ya ratsa fuskar akwatin baƙin ƙarfe daga kusurwa zuwa kusurwa nanomita 0.405 ne, gefen akwatin azurfa kuwa 0.409, bambancin bai kai kashi 1 cikin 100 ba. Ke nan, ƙarafan da suka ƙi gaurayuwa suna iya yin iyaka da juna cikin tsari mai kyau. Za a ga tasirin wannan dacewa a sashe na 3.8.

3.6 Halayen Maganaɗisu

A shekarar 1907 wani masani ɗan Faransa mai suna Pierre Weiss ya bayyana cewa dunƙulen baƙin ƙarfe a rarrabe yake zuwa ƙananan yankuna, waɗanda za mu kira unguwanni. A kowace unguwa atamomi suna fuskantar alƙibla ɗaya, amma alƙiblar wannan unguwa ta saɓa wa ta maƙwabciyarta. Wannan ne ya sa ƙusar da ba a goga wa maganaɗisu ba ba ta jan allura, domin ƙarfin unguwanninta ya soke juna. Tsakanin unguwa da unguwa akwai katanga, kuma gina katangar yana cin makamashi. Idan ƙwaya ta ƙanƙance ƙwarai, ba ta da wurin da za ta ajiye katanga, sai ta zama unguwa ɗaya tak. Ga baƙin ƙarfe, wannan yana faruwa ne idan faɗin ƙwayar ya gaza kimanin nanomita 20.

Idan aka ci gaba da rage girman ƙwayar, sai wani sabon hali ya bayyana, wanda Louis Néel ya yi bayaninsa a shekarar 1949. Shi ma ɗan Faransa ne, kuma ya sami kyautar Nobel a 1970. Kowace ƙwaya tana da alƙiblar da maganaɗisunta ya fi son fuskanta, kuma kafin ya juya daga gaba zuwa baya sai ya tsallake wani shinge na makamashi. Tsawon shingen ya dogara ne a kan girman ƙwayar. A ɗaya ɓangaren kuma, zafi kullum yana girgiza atamomi. Idan ƙwayar ƙarama ce ainun, girgizar zafin ɗaki kaɗai ta isa ta riƙa jujjuya maganaɗisun gaba da baya. Irin wannan ƙwaya takan amsa kiran maganaɗisu da ƙarfi idan an kusanto da shi, amma da zarar an janye shi sai ta manta. Wannan hali za mu kira shi maganaɗisu marar riƙo.

Lissafin Néel ya nuna yadda ƙaramin bambancin girma yake haifar da babban bambancin hali. Idan shingen ya ninka ƙarfin girgizar zafi sau 25, ƙwayar takan riƙe alƙiblarta na kimanin minti ɗaya kawai. Idan aka ƙara faɗinta da kashi 26 cikin 100, cikinta zai ninka sau biyu, shingen ya koma ninki 50, lokacin riƙon kuma ya haura shekara 160,000. Haka kuma, kowace ƙwaya tana da wani mizani na sanyi wanda idan aka sauka ƙasa da shi jujjuyawar takan tsaya. Wannan shi ne mizanin kafewa. Ƙananan ƙwayoyi ba sa kafewa sai a tsananin sanyi, manya kuwa a kafe suke ko a zafin ɗaki.

Yanzu sai a haɗa wannan bayani da sifofin da aka kawo a baya. A ƙwaya cakuɗaɗɗiya mai ƙarancin baƙin ƙarfe, kowane atam ɗin baƙin ƙarfe a kewaye yake da azurfa, ba shi da ɗan'uwa kusa da za su haɗa alƙibla, don haka maganaɗisun ƙwayar mai rauni ne. A siffar ƙwallo da ɓawo da ta mai fuska biyu, baƙin ƙarfen a dunƙule yake, don haka girman dunƙulen ne zai nuna ko ƙwayar za ta riƙe maganaɗisu ko ba za ta riƙe ba. A siffar yayyafi, tazarar da ke tsakanin dunƙulen ita ma tana da tasiri, domin idan suka matso kusa sukan ji ƙarfin juna su fara juyawa tare. Wato dai ƙwayoyi biyu suna iya zama da kason azurfa da na baƙin ƙarfe iri ɗaya, amma halinsu ya sha bamban, saboda bambancin wurin zaman atamominsu.

3.7 Maganaɗisu da Gudun Lantarki

A shekarar 1988 Albert Fert a Faransa da Peter Grünberg a Jamus, kowannensu a nasa ɗakin binciken, suka gano cewa idan aka jera siraran shimfiɗu na baƙin ƙarfe da na kuromiyam, turjiyar da suke yi wa lantarki takan ragu ƙwarai idan aka kusanto da maganaɗisu. Wannan shi ne gagarumin sauyin turjiya, kuma dominsa aka ba su kyautar Nobel a 2007. A 1997 kamfanin IBM ya fitar da faifan ajiyar bayanai na kwamfuta wanda allurar karatunsa take aiki da wannan hikima.

A shekarar 1992 wasu rukunoni biyu na masu bincike a Amurka, ɗaya a Jami'ar Kalifoniya da ke San Diego, ɗaya a Jami'ar Johns Hopkins, suka nuna cewa ana samun wannan hali a siffar yayyafi ma. Sun fara ne da kobal a cikin jan ƙarfe, ba a daɗe ba aka same shi a baƙin ƙarfe cikin azurfa. Bayaninsa shi ne, lantarki yana gudu ne ta cikin azurfa. Idan dunƙulen baƙin ƙarfen suna fuskantar alƙibla daban-daban, ilaktaron sukan yi ta karo da iyakokinsu suna warwatsewa. Idan maganaɗisu ya jera su suka fuskanci wuri ɗaya, wani rukuni na ilaktaron yakan sami hanya ya wuce salin-alin, turjiya ta ragu. Sauyin ya fi girma idan dunƙulen ƙanana ne kuma ba su yi yawan da za su riƙa taɓa juna ba. Sai dai jera irin waɗannan ƙananan dunƙule yana buƙatar maganaɗisu mai ƙarfi, shi ya sa masana'antun kwamfuta suka zaɓi siraran shimfiɗu a kan siffar yayyafi.

3.8 Hanyoyin Tantancewa

Faɗar cewa an sami gamin azurfa da baƙin ƙarfe abu ne mai sauƙi, tabbatar da shi ne mai wuya. Hanyar da aka saba bi wajen gano tsarin atamomi ita ce a haska wa abu hasken eksire, a auna kusurwoyin da hasken ya karkata. Amma saboda dacewar da aka ambata a sashe na 3.5, akwai wata tazara ta nanomita 0.204 a azurfa da wata ta 0.203 a baƙin ƙarfe. Babbar alamar baƙin ƙarfe takan faɗo kusan a kan wata alama ta azurfa, ta ɓuya a bayanta. Mai binciken da bai yi hattara ba zai iya cewa baƙin ƙarfen ya narke cikin azurfa, alhali yana nan a dunƙule.

Saboda haka ake ƙarawa da wasu hanyoyi. Madubin ilaktaron yana nuna siffar ƙwaya ɗai-ɗai, da wurin da kowane ƙarfe yake zaune a cikinta. Sai kuma hanyar da ta samo asali daga binciken Rudolf Mössbauer na Jamus a 1958. Wannan hanya tana sauraron wani nau'in atam ɗin baƙin ƙarfe mai lamba 57, wanda bai wuce kimanin kashi 2 cikin 100 na baƙin ƙarfen duniya ba. Idan atam ɗin yana cikin dunƙule mai tsayayyen maganaɗisu, na'urar takan zana layuka shida. Idan shi kaɗai ne a cikin azurfa, ko yana cikin ƙwaya mai saurin jujjuyawa, sai ta zana layi ɗaya ko biyu. Idan ya yi tsatsa, layukan shida sukan ƙara buɗewa.

Ya kamata a lura cewa kowace na'ura da tsawon lokacin da take kallo. Na'urar auna maganaɗisu takan ɗauki daƙiƙoƙi masu yawa, ta Mössbauer kuwa kallonta bai kai kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa ba. Ƙwaya ɗaya tana iya bayyana a kafe ga wannan, tana jujjuyawa ga waccan, kuma dukkansu gaskiya suka faɗa.

3.9 Amfani da Matsaloli

Abin da ake nema a wannan haɗi shi ne a tara amfanin ƙarafan biyu a ƙwaya ɗaya. Azurfa tana kashe ƙwayoyin cuta. Har wa yau ƙwayoyinta na nano suna shanye haske mai tsawon zango kimanin nanomita 400, shi ya sa ruwan da suke ciki yake yin launin rawaya, kuma ana amfani da wannan hali wajen gano sinadarai ko da kaɗan ne. Baƙin ƙarfe kuma yana ba da damar a ja ƙwayar da maganaɗisu. Idan aka zuba irin waɗannan ƙwayoyi a gurɓataccen ruwa suka gama aiki, ana iya tsamo su da maganaɗisu a sake amfani da su. A fannin likitanci ana gwada su wajen ƙara fito da hoton sassan jiki a na'urar ɗaukar hoto mai aiki da maganaɗisu. A nan hali marar riƙo yana da muhimmanci, domin ƙwayoyin da suke riƙe maganaɗisu sukan manne da juna su dunƙule, abin da yake da haɗari a cikin jijiyar jini.

Babbar matsala ita ce tsatsa. Ƙwayar baƙin ƙarfe tsirara takan yi ɓawon tsatsa mai kaurin nanomita 2 zuwa 3 da zarar ta sha iska, garinta ma yana iya kamawa da wuta. Tsatsar da ta fi kowace ƙarfin maganaɗisu ba ta kai rabin ƙarfin baƙin ƙarfe zalla ba. An yi fatan ɓawon azurfa zai zama garkuwa, amma idan siriri ne ko yana da kafa, iskar oksijin takan jawo baƙin ƙarfen waje, tsarin ƙwayar ya birkice. Matsala ta biyu ita ce guba. Azurfar da ta narke a ruwa tana kashe kifaye da sauran halittun ruwa, kuma idan ta taru a jikin mutum takan mayar da fatarsa launin toka mai shuɗi-shuɗi wanda ba ya gogewa. Don haka duk wani amfani da za a yi da ƙwayoyin ya rataya ne a kan tabbacin cewa za su ci gaba da zama a siffar da aka gina su.

4.0 Kammalawa

A wannan darasi an ga cewa azurfa da baƙin ƙarfe ba sa gaurayuwa saboda bambancin girman atamominsu, da bambancin tsarinsu, da kuma yadda baƙin ƙarfe ya fi riƙe danginsa. An ga hanyoyi huɗu da ake tilasta musu haɗuwa, da sifofi huɗu da ƙwayar take ɗauka. An kuma nuna cewa sanin kason kowane ƙarfe bai isa a faɗi halin ƙwayar a gaban maganaɗisu ba, sai an san inda atamomin baƙin ƙarfen suke zaune, da girman dunƙulensu, da zafin da aka yi awon, da kuma ko sun yi tsatsa.

5.0 Auna Fahimta

1. Mece ce ƙwayar nano? Yi amfani da akwati mai atam 20 a kowane gefe ka lissafa yawan atamomin da suke waje.
2. Me ya sa azurfa take gaurayuwa da zinariya amma ba ta gaurayuwa da baƙin ƙarfe?
3. Bambanta tsakanin tsarin mai-cibiya da tsarin mai-fuska, tare da zane.
4. Yi bayanin maganaɗisu marar riƙo da mizanin kafewa cikin jimlolin da ba su wuce goma ba.
5. Me ya sa hasken eksire kaɗai ba ya isa hujja a kan samuwar gamin azurfa da baƙin ƙarfe?

6.0 Jinga

Ka sami garin baƙin ƙarfe daga wurin mai walda ko maƙeri, ka gauraya shi da yashi mai laushi, sannan ka raba su da maganaɗisu. Rubuta tsarin darasi na minti 40 wanda za ka yi amfani da wannan gwaji ka nuna wa ɗaliban ƙaramar sakandare bambancin da ke tsakanin cakuɗa abubuwa biyu da gamin ƙarafa na haƙiƙa.